Saniyar da Ba Ta Gaida Kowa

Ni ɗan fari ne, kuma uwata Bafillatana ce ta gidan gaske. Wanda ya san abin da wannan ke nufi ya riga ya tausaya mini. Wanda bai sani ba kuwa bari in gaya masa: tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsabar idona ta ce zo ko tafi ba. Kunyar ɗan fari ake ce wa abin. Hausawan unguwarmu ma suna yi, amma tasu da an haifi na uku ko na huɗu sai ta fara sakin jiki. Ta Inna irin ta ruga ce, wadda aka ɗauko daga bakin dajin Kamuku aka kawo cikin Birnin Gwari ba tare da ko ɗigo ya zube a hanya ba.

Da aka yaye ni, kakata ta wajen uba ce ta ɗauke ni. Ɗakinta yana kallon na Inna, taku goma ne tsakani, amma a wajen Inna kamar an kai ni wata ƙasa. In tana so in ci abinci sai ta ajiye kwano a gindin turmi ta ce wa iska, "Ga tuwo nan ya yi saura, kada kaji su ɓata." Tuwon da ya yi sauran nan kuwa shi ne wanda man shanu ya kwanta a kansa, shi ne mai tsokar da ta fi kowacce girma. In na yi laifi, akuya take gaya wa. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofa ina ji tana yi wa akuyarmu faɗa a kan yawon rafi da dawowa gida da wando a yage, akuya na tuƙa tana kallonta kamar za ta ba da haƙuri. Da ƙanwata ta girma sai ta karɓi aikin akuyar. Daga nan saƙo ya koma, "A gaya wa wancan." Ni ne wancan, har yau da furfura ta fara leƙo mini a gemu.

Ban taɓa shakkar tana sona ba. Amma ba zan yi ƙarya ba, akwai ranakun da na so a ce ko sau ɗaya ta faɗa da baki, ko da cikin faɗa ne.

Bayan rasuwar mahaifinmu, ƙanensa, Baffa, shi ne ya riƙe gidan. Baffa mutum ne mai shagon taki da maganin feshi a kasuwa, manoman Kutemeshi da na Saminaka duk sun san shi, kuma a duniyarsa sana'a ita ce abin da za a iya ɗora wa a kan sikeli. Ni kuma tun ina ƙarami zane nake yi. Na zana bangon gidanmu da gawayi, na zana bayan buhunan Baffa, na zana hoton kifi a ƙofar mai sayar da tsire har mutane suka riƙa zuwa neman kifi. Da na samu wasu abokai biyu a Kaduna masu koyon katun, wato zanen da ke motsi a kwamfuta, na roƙi Baffa ya bar ni in je. Ya ba ni shekara uku, yana mai cewa a cikinsu yunwa za ta yi mini bayanin da shi ya kasa.

Shekara uku suka cika, yunwa ta yi nata bayanin, ban ji ba. Sai Baffa ya kira ni a waya.

"Gwiwoyina sun gaji, shago na neman mutum. Ka zo da abin da ka yi mu gani. In uwarka ta ce ka koma, ka koma, ba ni da ta cewa. In ta yi shiru, ga makulli."

Sai da na ajiye wayar na gane irin tarkon da tsohon nan ya ɗana mini. Shekara talatin Inna ba ta tsoma baki a maganata ba a gaban mutane. Ko ranar da na karye a hannu, cewa ta yi a duba ko wancan zai iya cin abinci da hagu. Baffa ya san haka sarai. Ya rataya rayuwata a kan maganar matar da ba za ta yi magana ba, sannan ya koma gefe a matsayin mai adalci.

Abin da muka yi a shekara ukun nan fim ne guda ɗaya, awa ɗaya da 'yan mintuna. Labarin wata farar saniya ce da maraƙinta na fari, a wata ruga a bakin daji, cikin damina. Maraƙin mai rawar kai ne. Wata rana ya bi ayarin gwaggon biri ya shige daji ya ɓata, uwar ta bar garke ta bi sawunsa, ta haye rafi a cike, ta sha wuya, ta same shi. Shi ke nan labarin. Akwai ƙarar ruwan sama, akwai kukan tsuntsaye, akwai sarewa. Magana ce babu, ko kalma ɗaya.

Ba haka muka fara ba. Abokaina sun dage cewa fim ya wuce awa ɗaya ba magana ai horo ne, ko a gidan yari ba a yi wa mutum haka. Muka gwada. Ɗayansu ya yi muryar saniya, ta fito kamar mai karanta labarun ƙarfe bakwai a rediyo. Ɗayan ya yi ta maraƙi, ta fito kamar ɗan kamasho a tasha. Na ce a cire. Na yi musu dogon jawabi a kan cewa dabba da kunne da wutsiya take ba da labari, mai kallo kuma ba jaki ba ne, in ya ga kunne ya kwanta ya san abin da ke ciki. Jawabin ya yi daɗi har ni kaina na kusa yarda. Gaskiyar ita ce na zauna da biro da takarda kwana da kwanaki don in rubuta abin da uwa ke ce wa ɗanta na fari, takardar ta ƙi cika ko layi ɗaya. Ban san abin da ake cewa ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka yi kallon. Aka fito da talabijin ƙarƙashin rumfar tsakar gida, aka rataya barguna biyu a gefe don hasken rana, aka tayar da janareto a bayan ɗaki. Baffa ya zauna a kujerarsa ta roba, ya ɗora makullan shago a kan gwiwa inda zan riƙa ganinsu. Kaka ta miƙe ƙafa a tabarma a gaba. Ƙanwata ta zo daga gidan mijinta, matan maƙwabta suka cika sauran wurin. Inna kuwa tana can bakin madafa, ta ba talabijin rabin baya, da faifan gyaɗa a cinya tana ɓara, kamar wadda aka ce mata ana taron wasu mutane ne a wata unguwa.

Sai kuma Kawu, ƙanen Inna, wanda ban gayyata ba.

Dole in tsaya in yi bayanin Kawu. A duk zuriyarsu ta masu kunya da ƙarancin magana, shi kaɗai Allah ya zuba wa surutun da aka hana sauran. An ce ya bar kiwo tun yana saurayi don shanu ba sa mayar masa da amsa. Ya shigo gari ya zama mai fassara a gidan kallo, a zamanin da ake sa fim ɗin Indiya mutum ya tsaya a gefe yana gaya wa jama'a abin da ake cewa. Kawu bai san ko sannu da yaren ba. Fim ɗaya yakan ba shi labari uku, ya danganta da abin da ya ci da rana. Da fassararrun fina-finai suka cika wayoyin mutane sai sana'ar ta mutu, ya koma sayar da cajar waya, amma bakin bai mutu ba. Shekara da shekaru yana neman inda zai sauke.

Na danna, fim ya fara. Gari ya waye a ruga, hayaƙi na tashi, farar saniya na tsaye, maraƙi na tsalle a gefenta.

Ba a yi minti biyar ba Baffa ya ce, "Ƙara murya."

Na ce, "Baffa, a ƙare take."

"Ƙara dai."

Na ƙara. Daidai nan hadari ya haɗo a cikin fim ɗin, aka yi tsawa, ruwa ya kece. Kaka ta zabura ta ce a kwashe shanya. Mata uku suka tashi da gudu, ɗaya ta yi kan igiya, ɗaya ta yi kan kuɓewar da aka baza, ta ukun ta fita gidanta gaba ɗaya don ta bar barkono a kan rufi. Rana kuwa tana nan tsaye tana gasa kowa. Sai da aka dawo aka zauna, ana ta haki ana zagina, sannan Baffa ya tashi ya je ya ɗan bubbuga gefen talabijin da tafin hannu.

"Ruwa na fita, tsuntsu na fita, bakin ne ya toshe. An cuce ka, yaro. Wa ya sayar maka?"

"Ni na yi shi, Baffa."

"To ka manta ba ka sa maganar ba."

"Da gangan ne."

Ya dube ni yadda yake duban manomin da ya ce zai yi noman masara ba taki. Ya koma ya zauna, ya ɗan kaɗa makullan.

Matsala ta biyu daga Kaka ta fito. A cikin fim ɗin farar saniya ta wuce wata baƙar saniya a bakin mashaya, kowacce ta sha ruwanta ta wuce. Kaka ta tafa hannu.

"Gaba suke yi?"

Na ce ba gaba suke yi ba.

"Da sassafe, an haɗu a bakin ruwa, ba ina kwana ba ya gajiya, ka ce ba gaba ba? Mai gidan, ni za ka gaya wa gaba? Wace ce ta fara?"

Mai gidan take ce mini, irin wasan kaka da jika, kuma in ta faɗa da wannan muryar to ba wasa a ciki. Na yi ƙoƙarin bayani, ta ce ita dai ta ga baƙar ta fi alamar haƙuri, farar ce mai girman kai, kuma ko dabba ce bai kamata a bar ta ta wuce kwana uku ba a sasanta ba. Wata maƙwabciya ta ce ai daga ganin idon farar an san an yi mata wani abu. Nan take tsakar gida ta rabu biyu, masu bin bayan fara da masu bin bayan baƙa, a kan rigimar da ban zana ba.

A nan ne Kawu ya miƙe. Ya naɗe hannun riga, ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta mutumin da aka zalunta shekara goma yau gaskiyarsa ta fito.

"Alhaji, in an ba ni dama. Yaron nan ya yi ƙoƙari, hannunsa na da kyau. Amma fim ba baki gawa ce. Bari in hura masa rai."

Baffa ya ce bismilla, da fara'ar da ban taɓa gani a fuskarsa ba.

Aka mayar da fim baya zuwa bakin mashaya. Kawu ya tsaya a gefen talabijin, ya shaƙe murya ya zama farar saniya.

"Salamu alaikum, Hajiya. An tashi lafiya? Ya ciyawa? Ya ƙuda? Ya kaska, sun yi sauƙi? Ya mai gidan, yana nan yana ta tunkuyin mutane?"

Ya karkata ya zama baƙa. "Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ƙafar taki? Ya yaro? Kai, ya girma, tubarkalla, har ƙaho ya fara tsirowa."

Kafin baƙa ta gama amsawa, fim ya yi gaba, shanu sun bar ruwa tuni, ana nuna tsuntsu a kan reshe. Kawu ya ɗaga mini hannu.

"Tsayar! Ba su gama gaisawa ba."

Na tsayar. Tsuntsu ya daskare a kan reshe da baki a buɗe, shanun da ba sa nan suka ci gaba da tambayar juna mutanen gida. Kaka ta sauke ajiyar zuciya ta ce yanzu ta ji daɗi, dama ta san baƙar ba ta da riƙo.

Haka aka ci gaba. Duk dabbar da ta haɗu da wata sai an tsayar an gaisa. Kunkuru ya gaida ƙadangare. Balbela ta sauka a bayan saniya, Kawu ya ce ba a hawa bayan mutum ba sallama, aka tsayar. Da ayarin gwaggon biri ya fito sai ya mayar da su dillalan kara, wato kasuwar shanu, suna zagaye maraƙi suna duba haƙoransa, babban cikinsu na rantsuwa da cewa wallahi don kai ne, wani ya zo jiya an hana shi. Mata suka riƙa faɗuwa kan juna don dariya. Wadda ta tafi kwashe barkono ta dawo da wasu mata huɗu. Fim ɗin awa ɗaya ya kama hanyar awa uku, janareto na ta shan mai.

Abin haushin, Kawu ya iya. Ni kaina sau biyu dariya ta kusa ƙwace mini, na danne ta da baƙin ciki. Shekara uku na yi ina gyara yadda kunnen maraƙin nan zai kwanta in ya tsorata, ga shi ba wanda ke kallon kunnen, kowa bakin Kawu yake kallo. Baffa ya share hawayen dariya ya juyo gare ni.

"Ka gani? Yanzu ya zama fim. Kai ka yi zane, kawunka ya yi aikin."

Na saci kallon bakin madafa. Gyaɗa kawai ake ɓarawa, ƙas, ƙas, ƙas.

Akwai wani wuri a tsakiyar fim ɗin da na fi alfahari da shi. Saniya na kwance tana tuƙa, sai ta lura maraƙi ba ya nan. Bakinta ya tsaya, kunnuwa suka miƙe, ta yunƙura ta tashi. Sati shida na yi a kan tashin nan kaɗai. Da aka zo wurin, Kawu na can yana sa ta salati da kiran a taimaka mata, ni kuwa kunnena na bakin madafa. Sai na ji ƙarar gyaɗa ta tsaya. Inna ta yi wani ɗan tari guda ɗaya. Can kuma gyaɗa ta ci gaba. Na ce a raina shi ke nan, na taɓa zuciyarta, har na ji ƙwalla na neman zuwa.

Aka haye rafi, Kawu ya sa saniya ta yi wasiyya a tsakiyar ruwa ta raba gadonta. Aka iso ƙarshe. Maraƙi na tsaye shi kaɗai a wani fili, rana ta take, ya rame, ƙafafunsa na rawa. Uwar ta fito daga cikin itatuwa.

Kawu ya ja numfashi, ya dafe ƙirji, ya saki wata siririyar murya mai kuka.

"Wayyo ɗana! Ɗana na kaina! Sanyin idona, ɗan farina, zo in rungume ka! Ina sonka, ina sonka, duniya ta shaida!"

Har suna ya raɗa wa maraƙin nan take, yana ta kwaɗa masa kira.

"Kai."

Ba da ƙarfi aka faɗa ba, amma kowa ya ji. Daga bakin madafa ta fito. Inna ta bi da wata magana da Fillanci, gajeriya, ba ta fi kalma huɗu ba. Ban gane abin da ta ce ba, amma na ga Kawu, mai jikoki, ya sauke hannu daga ƙirji ya nemi gefen tabarma ya zauna kamar an zare masa batir. Na tsayar da fim ɗin ba tare da kowa ya ce in tsayar ba.

Inna ba ta ɗago daga faifanta ba. Ta ce, "Saniyar nan ba za ta faɗi haka ba. Na fari ne."

Kawu ya yi ƙarfin hali. "To Adda, in ba ta faɗa ba yaya zai sani?"

"Kai da bakinka bai tsaya ba yaushe za ka gani? A mayar baya. A bar shi yadda mai shi ya yi."

Mai shi. Ban taɓa samun muƙami mai girman wannan a bakinta ba. Na mayar.

Wannan karon ba wanda ya ce uffan, sai janareto a bayan ɗaki. Saniya ta fito daga cikin itatuwa. Maraƙi ya ɗago ya gan ta. Ba ta ruga ba, ba ta lashe shi ba. Ta zo ta tsaya a gefensa, ta kau da kai tana kallon wani wuri can daban, kamar dama hanyarta ce ta biyo ta nan. Sannan ta ɗan matsa taku ɗaya, ta sake matsawa rabin taku, har inuwarta ta rufe shi daga kai zuwa wutsiya. Ƙafafun maraƙi suka daina rawa. Sarewa ta shigo, fim ya ƙare.

Kaka ta ja hanci ta ce hayaƙin janareton nan na shiga wa mutum ido. Wata maƙwabciya ta ce ita tun farko ta san farar ba girman kai gare ta ba. Ita ce kuwa shugabar masu bin bayan baƙa.

Baffa ya bari aka lafa. Sannan ya ɗauki makullai ya riƙe a tafin hannu.

"To, an gani. Abu ya yi kyau, ba laifi. Uwar yaro, ke muke saurare. In akwai magana a yi, in babu kuma mun gane."

Ƙas. Ƙas. Ƙas.

Na san ba za ta iya ba. Tsawata wa ƙanenta a kan saniya abu ne daban. Amma ta buɗe baki a gaban surukarta da ƙanen mijinta da matan unguwa ta ce ina so ɗana ya yi kaza, wannan kamar a ce ta fita kasuwa ba mayafi ne. Na fara hango kaina a bayan kanta, warin maganin feshi ya kama rigata, ina zana shanu a bayan rasit. Baffa ya fara miƙo hannu, ni kuma na fara miƙa nawa, don ban ga amfanin ja ba.

Sai Inna ta kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenta, ta dubi ƙanwata.

"A gaya wa wancan, saniya ba ta tashi da ƙafar gaba. Jaki ke yin haka. Saniya baya take fara ɗagawa, ta durƙusa a gwiwa, sannan ta miƙe."

Ashe tarin ke nan. Sati shida na yi ina koya wa saniyata tashin jaki, ni jikan makiyaya, kuma duk tsakar gidan nan ba wanda ya lura sai matar da ta ba talabijin baya. Kawu ya buɗe baki zai ce shi ma ya gani, ta dube shi, ya rufe.

Ta ci gaba, har yanzu da ƙanwata take. "In ya koma Kaduna ya gyara. Kada mutanen ruga su gani su ce ba mu gaya masa ba."

Ƙanwata ta juyo gare ni da cikakkiyar natsuwa, kamar ina wani gari, ta ce, "Yaya, an ce in ka koma ka gyara."

Baffa ya ce, "A'a, tsaya. Wannan ai gyara ne, ba izini ba ne."

Kaka ta ce, "A ina zai gyara, a kan buhun taki? Kai ka ce in ta yi magana. Ta yi. Mayar da makullanka aljihu, kana ta kaɗa mana su tun ɗazu kamar mai tallan kwaɗo."

Baffa ya dubi uwarsa, ya dubi bakin madafa, ya dubi makullai. Ya sa su a aljihu. Daga baya ɗan ƙanwarsa ne ya karɓi shagon, kuma ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, abin da Baffa bai taɓa gajiya da gaya mini ba.

Na gyara saniyar. Sai da na yi kwanaki ina zuwa kara ina tsugunawa a gaban shanun mutane ina jiran su tashi, har dillalai suka fara zargin ko ɓarawo ne mai haƙuri. Magana kuwa ban sa ba har yau, ko da yake Kawu yakan kira ni lokaci-lokaci ya ce muryoyin na nan a ajiye duk ranar da na dawo hankalina.

Amma ranar tafiyata na fi tunawa. Motocin Kaduna da safe suke tashi a jere, kowa ya san dalili, hanyar ba tsaro, don haka da hantsi ɗan acaɓa ya zo kai ni tasha. Na yi sallama da Kaka, na yi da Baffa. Na je bakin ɗakin Inna na durƙusa na ce na tafi. Daga ciki aka ce wa bango Allah ya kiyaye hanya. A gindin turmi na ga wata kwalba a ɗaure cikin leda, ƙanwata ta ce wai man shanu ne ya yi saura.

Na fito, na hau babur, muna ɗaure jaka. Sai ga Inna a ƙofar zaure, ita da ba ta leƙo waje sai da dalili. Ta ce wa ƙanwata kazarta ce ta fita, wai ko an gan ta. Ta tsaya a nan, ta ba ni rabin baya, tana duban can ƙarshen layi inda ba kowa.

Muka tashi. Na waiwaya a bakin kwana, tana nan tsaye tana neman kaza. Kazar kuwa tana kusa da ƙafarta tana tonon ƙasa.